Hankicin Mai Kujeru

A wata unguwa akwai wani mutum mai ba da hayar kujerun roba da rumfuna da lasifika, wanda kowa ke kira Mai Kujeru, shi kuwa ya fi son a ce masa Injiniyan Taro. Babu wanda ya taɓa ganin takardar injiniyancin, amma wannan bai hana shi rubuta sunan da jan fenti a ƙofar sitonsa ba. Aikinsa shi ne duk inda wani babba zai yi taro, ya je ya kafa rumfa, ya jera kujeru, ya gwada makirufo, in an tashi ya kwashe kayansa. Da wannan kaɗai ya ɗauki kansa masanin siyasar ƙasa. In ka zauna a bencin ƙofar sitonsa, kafin ka gyara zama ka ji yadda minista kaza ya dafa kafaɗarsa, da yadda ɗan majalisa kaza ba ya ko tari sai ya tambaye shi. Gaskiyar dafa kafaɗar kuwa, ture shi aka yi don ya tare hanya.

Rannan sai rediyo ya sanar cewa majalisar ƙasa na duba wata doka da za ta ba kamfanin wuta damar ƙara kuɗin lantarki. Aka ce kwamitin majalisar zai zo garin ya saurari ra'ayin jama'a a babban ɗakin taro, zama ɗaya tak, daga nan ya koma ya rubuta rahoto. Hankalin unguwa ya tashi, domin rabin mutanenta da wuta suke neman abinci. Wadda abin ya fi tsaya wa a rai ita ce yayar Mai Kujeru, uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, wadda duk unguwa ke kira Yaya. Tun da mijinta ya rasu, firizarta ce ke ciyar da 'ya'yanta, ita ke kai su makaranta. Ko a yanzu da kyar take biyan kuɗin wuta. In kuwa aka ƙara, ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, sai dai ta zare filogi ta rufe shago.

Da la'asar makwabta suka taru a ƙofar shagonta. Mai walda ne ya fara magana, gilashin aikinsa na rataye a wuya.

"An ce kowace unguwa mutum ɗaya za a ba ya yi magana. Ni a ganina Yaya ta tashi ta faɗa musu yadda ake ɗauke wuta ƙanƙara ta narke, sannan a kawo mata takardar biya kamar an ba ta wutar. Kowa ya ji wannan zai gane."

Mai Kujeru ya tuntsure da dariya har da riƙe ciki.

"Kai, ba ku san dawan garin ba! Ku je ku tsaya gaban manya tsuru-tsuru kamar masu neman taimako? Wa zai dube ku? Babban mutum ba ya jin magana, taro yake ji. In ya ga ɗaki ya cika, ya ji rufi na girgiza, nan take jikinsa ya yi sanyi. Ni da na girka tarukan da suka ɗora mutane kan mulki, dokar wuta ce za ta gagare ni?"

"Kujeru ka jera, ba mutane ka ɗora ba," in ji mai walda.

"A kan me suka zauna kafin su hau mulkin? A kan waldarka?"

Mai injin niƙa, wani dattijo da garin masara bai taɓa barin girarsa ba, ya ce, "To, Injiniya, me kake so a yi?"

Jin an kira shi Injiniya ya sa ya miƙe tsaye. Ya ce zai kawo mota, zai kawo kyallayen rubutu, zai kawo lasifika, zai kawo jama'ar da za ta cika ɗakin har baranda. Shi kuma da kansa zai yi jawabin da 'yan majalisa za su koma gida su kasa cin abinci. Ya ce shugaban kwamitin ma mutuminsa ne, sun sha haɗuwa.

Yaya ta dube shi, irin kallon da take masa tun suna yara in ya ce shi bai taɓa tukunya ba alhali ga miya a haɓarsa.

"Ƙanina, wannan ba bikin buɗe rijiya ba ne. Abincin 'ya'yana ne. In ka san ba za ka iya ba, ka bar ni in faɗi magana biyu in zauna."

"Haba, Yaya! Ina raye ki tsaya gaban kwamiti murya na rawa? Ki je ki ƙara ruwa a leda, firizarki sai ta tsufa a hannunki."

Ta koma cikin shagonta. Kashegari da safe ya je ofishin masu shirya taro ya rubuta sunansa a matsayin mai magana da yawun unguwa, har ya tsaya ya ga an sa masa Injiniya a gaba.

To, duk taron da Mai Kujeru ya girka yana da wani sirri guda, kuma sirrin mace ce, wadda ake kira Uwar Tafi. Tana da rundunar mata da maza da take kaiwa taruka, aikinsu tafi da ihu kawai. Ba sa tambayar wane ne mai taron, ba sa sauraron abin da yake faɗa, don ba shi ya kawo su ba. Idonsu na kan Mai Kujeru, wanda kullum yake tsaye gefen dandamali kusa da na'urarsa. In ya zaro farin hankici daga aljihu ya kaɗa, sai ɗaki ya ɗauka. In ya ci gaba da kaɗawa, su miƙe tsaye. Da wannan hankici an tafa wa mutanen da ko matansu ba sa tafa musu.

Ya same ta tana shanya a tsakar gida.

"Uwar Tafi, aiki ya samu. Ina son duk mutanenki, har da masu tari."

"Wa muke yi wa?"

"Yaushe kika fara tambaya? Ido a kan hankici, shi ke nan."

"Na ji. Amma na siyasa ne ko na yabo? Don in san irin ihun."

"Mai ƙarfi. Wanda zai sa babban mutum ya sha jinin jikinsa."

A ransa ya riga ya tsara: in ya faɗi magana mai zafi a jawabinsa, sai ya kaɗa hankici, ɗaki ya rikice, 'yan jarida su ɗauka. Bai ga amfanin yi wa masu tafi bayanin dokar wuta ba. A cewarsa, ba a koya wa ganga waƙa, kaɗa ta ake yi.

Sauran kyallaye. Sayen sabon yadi ɓarna ce a wurinsa, tunda ga tsofaffi jibge a sito, ragowar tarukan baya. Ya zaro su, ya shimfiɗa a ƙasa, ya juya bayansu, ya rubuta da fenti: BA MU YARDA DA ƘARIN KUƊIN WUTA BA. A ɗayan: MAJALISA KI CECI TALAKA. Mai walda ya zo wucewa, ya ɗaga gefen guda da ƙafa, ya leƙa abin da ke ɗaya fuskar.

"Injiniya, nan an rubuta 'Mun gode, Mai Girma, ka cika alkawari.'"

"Wa ya aike ka leƙen ƙasan kyalle? Bango zai kalla."

Daga nan ya wuce wurin tela ya ari wata kwat mai kauri da wani ya kawo gyara bai karɓa ba, irin mai 'yar ciki da rufin ulu. Tela ya ce masa wannan kayan ƙasar sanyi ne, a wannan zafin za ta dafa shi. Ya ce manya ba sa jin zafi, kuma ba ya son shugaban kwamiti ya gan shi ya zaci talaka ne.

Ranar taro motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar sito. Makwabta suka fito da shirinsu, suka tarar an cika ta da kujeru har sama, ga ƙarafunan rumfa, ga janareta.

"Ɗakin taron ba shi da kujeru ne?" in ji mai niƙa.

"Yana da su."

"Ba shi da rufi?"

"Yana da shi."

"To rumfa da kujerun na mene ne?"

"Baba, ka taɓa ganin likita ya fita ba allura? Ku hau."

Babu wurin hawa sai saman kaya. Mai Kujeru ya ce a fara kai kaya da mutanen Uwar Tafi, don su ne ginshiƙin taro, sannan mota ta dawo ta kwashi 'yan unguwa. Ya shige gaba kusa da direba, ya bar yayarsa da makwabta tsaye a rana. Motar kuwa ba ta dawo ba, domin da aka sauke kaya direba ya ce ba a yi da shi sahu biyu ba, ya kama gabansa. Da jira ya ishe su, sai suka taka da ƙafa, mai niƙa na ɗingishi yana ambaton sunan Injiniya da kalmomin da ba a faɗa gaban yara.

A ƙofar ɗakin taro masu gadi suka ce ba a shiga da rumfa. Mai Kujeru ya ce ba komai, ya kafa ta a bakin get inda ba mai zama. Ya ɗauko kyallaye ya hau ɗaurewa a jikin ƙarfen katanga. A nan ne hannu ya yi abin da ya saba. Shekara da shekaru yana ɗaure kyallayen nan, kullum fuskar da ke da hoto da rubutun zinare ita ke kallon hanyar da babba zai shigo. Yana ɗaurewa yana yi wa mai gadi bayanin yadda ake juya 'yan majalisa, bai ko duba ba. Jan fentinsa ya kalli bango, inda ya yi alkawari tsohon rubutun ne zai kalla.

Can sai ga jerin motoci da jiniya. Abin da jiniya ke yi wa Mai Kujeru, Allah kaɗai ya sani. Kafin ya yi tunani ƙafafunsa sun kai shi wurin na'ura, ya danna, lasifika ta saki kiɗan tarbar manya da ke cikinta tun taron da ya wuce. Kafin ya sake tunani yana gaban baƙar mota, ya rusuna, ya riga ɗan sanda buɗe ƙofa.

Shugaban kwamitin ya fito, mutum mai tumbi da tabarau. Ya ɗaga kai ya karanta kyallen da ke gabansa, baki har kunne.

"Mun gode, ka cika alkawari," ya karanta a fili. Ya juya ga abokan tafiyarsa. "Kun gani? Aka ce mana garin nan da zafi."

"Ranka ya daɗe, ni ne Injiniya, mun sha haɗuwa," in ji Mai Kujeru.

"Madalla, madalla," in ji shugaban, ya miƙa masa robar ruwan da ya gama sha, ya wuce.

Daidai lokacin 'yan unguwa suka iso, ƙura har gwiwa. Mai walda ya dubi kyallen, ya dubi robar da ke hannun Mai Kujeru.

"Me muke gode wa?"

"Dabara ce. Sai ka sanyaya mutum kafin ka sare shi. Kai ƙarfe ka sani, ni mutane na sani."

"Ƙarfe ma zafi ake ba shi kafin a lanƙwasa."

"Ka shiga ka zauna, kana ɓata min tsari."

Wurin zama kuma ai babu. Mutanen Uwar Tafi sun riga sun mamaye ɗakin tun daga layin gaba, wasu har da ajiye jaka don kama wa 'yan uwa wuri. Wakilan sauran unguwanni suka matse a gefe. Yaya da mai walda da mai niƙa suka tsaya can baya jikin ƙofa, inda ko kan shugaban ba a gani sosai.

Aka buɗe taro. Shugaban ya ɗauki makirufo ya ce, "Jama'a, mun zo ne mu ji," sai ɗif, aka ɗauke wuta. Fankoki suka yi juyi na ƙarshe suka tsaya. Makirufo ya mutu. 'Yan majalisa suka kalli wakilin kamfanin wuta, shi kuma ya kalli takalminsa. Daga baya wani ya yi dariya, dariya ta fara yaɗuwa, masu ɗaukar hoto suka juya na'urorinsu kan fuskar wakilin kamfani. Ma'aikacin ɗakin ya zo ya raɗa cewa injinsu babu mai.

Mai walda ya damƙi hannun Yaya don murna. "Allah ya kawo mana shaida har gida! A bar su su ji a jikinsu!"

Amma Mai Kujeru ba zai iya ba. Taro ba sauti a wurinsa kamar a ga yaro ya faɗi ne a ƙi ɗagawa. Ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ya miƙe, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, kada a damu! Injiniya na nan!"

"Kai, zauna!" mai walda ya kwatsa daga baya.

Ina! Ya riga ya fice a guje cikin kwat, ya jawo janaretansa, ya ja waya ta taga, ya haɗa na'urarsa gefen dandamali, ya buga makirufo da yatsa ya miƙa wa shugaban da hannu biyu. Murmushi ya dawo fuskar wakilin kamfani. Shugaban ya ce ga irin 'yan ƙasa na gari da ake nema. Sai dai janaretan ƙarami ne, makirufo kawai yake ɗauka, fankoki suka ci gaba da hutawa. Ɗaki ya cika da mutane, tagogi ƙanana, rana ta take. Mai Kujeru ya tsaya inda ya saba tsayawa, kusa da na'ura, a gaban idon kowa, cikin ulu, bayan ya sha gudu da jan igiyar inji. Zufa ta karyo masa tun daga tsakar kai.

Aka ba wakilin kamfani magana. Ya yi ta zagaye-zagaye, sannan ya zo wurin da ake jira.

"Saboda haka muke roƙon majalisa ta ba mu dama mu ƙara kuɗin wuta, musamman ga masu shaguna da injuna."

Zufa ta shiga idon Mai Kujeru, ta yi masa yaji. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro farin hankici, ya kaɗa shi don ya warware.

Ɗaki ya ɗauka.

Tafi ya tashi kamar ana sheƙa ruwa a kan kwano. Mata na ihu, maza na fito da yatsa a baki. Wakilin kamfani ya yi sororo, don tunda ya fara aikin nan ba a taɓa tafa masa ba, jifa ya saba sha. Ya dafe ƙirji ya rusuna.

Mai Kujeru ya daskare da hankici a hannu. Da ya gane abin da ya faru, sai ya shiga kaɗa shi da ƙarfi yana nufin a daina. Uwar Tafi ta ga hankici na sama yana ta rawa, ta san ma'anarsa, ta yi wa mutanenta alama. Suka miƙe tsaye gaba ɗaya.

"A'a! Ku tsaya! Ba yanzu ba!" yake faɗa, amma wa zai ji shi? Ya ƙara da ɗaya hannun. Wani daga layin gaba ya hau kan kujera.

Da kyar aka lafa. Ya cusa hankicin a aljihu, ya rantse a ransa ko zai narke ba zai sake taɓa shi ba. Wakilin kamfani, da ya ga kasuwa ta yi kyau, sai ya ƙara da abin da bai yi niyyar faɗa ba: wanda ya yi jinkirin biya a yanke masa waya nan take, kuma sai ya biya tara kafin a mayar. Zufa na ɗiga daga hancin Mai Kujeru kan na'ura. Ya ga ɗigo na gangarawa wurin da wayoyi suke, ya tsorata kada kayansa su ƙone, hannu ya sake zuwa aljihu da kansa.

Wannan karon har da buga ƙafa a ƙasa.

Daga can baya Yaya ta ɗaga murya iya ƙarfinta. "Ƙarya ne! Ba mu yarda ba! Ku saurare mu!" Mai walda da mai niƙa suka taya ta, wasu daga sauran unguwanni ma suka ɗauka. Amma su bakinsu na mutane ne masu jin haushi, na Uwar Tafi kuwa na sana'a ne. Wata mata ma ta juyo ta ce wa Yaya, "Baiwar Allah, in ba a sa ki a aikin ba ki yi mana shiru."

Shugaban ya share tabarau ya ce bai taɓa ganin gari mai fahimta irin wannan ba. Ya ce tunda ra'ayin jama'a ya fito fili, ba sai an ja zance ba, za a ji mutum ɗaya ko biyu a rufe. Ya duba takarda ya kira Injiniya.

Nan fa dama ta samu, kuma ko a lokacin da ya buɗe baki ya ce ba mu yarda ba, da an tsira da wani abu. Ya karɓi makirufo, ya ga manya jere a gabansa, sai bakinsa ya kama hanyar da ya sani. Ya gaida mai girma shugaban kwamiti, haske maganin duhu. Ya gaida mai girma mataimakinsa. Ya bi 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, har da wanda ke gyangyaɗi. Ya gaida magatakarda. Ya gaida wakilin kamfani, don ba a tsallake babba a zaune. Ya gaida jami'an tsaro da 'yan jarida. Ya tuna bai gaida matan manyan da ke gida ba, ya koma ya gaishe su.

"Ka faɗi maganar!" mai niƙa ya yi kururuwa, muryarsa na fashewa.

"Ina zuwa, Baba, komai da tsarinsa. To, ranka ya daɗe, mu mutanen unguwa mun ji daɗin zuwanku ƙwarai da gaske, amma..."

Janareta ya yi tari, ya yi tari, ya mutu. Mai Kujeru bai ƙara masa mai ba tun taron da ya wuce. Ya tsaya yana motsa baki a makirufon da ba ya magana. Shugaban ya duba agogo, ya miƙe, ya ce da muryarsa ta Allah cewa an ji, an gode, kwamiti zai rubuta cewa jama'ar wannan gari sun goyi bayan dokar da babbar murya. Ya jawo Mai Kujeru, ya kama hannunsa ya ɗaga sama, masu hoto suka yi ta ɗauka.

"Kai ne ka shirya wannan taro?" in ji shugaban.

"Ranka ya daɗe, wato, akwai ɗan kuskure..."

"Babu wani kuskure, aiki ya yi kyau. Muna da irin wannan zama a wasu garuruwan. Kana da kati?"

Duk wanda ke kusa ya ji tambayar. Yaya ta riga ta kutso har gaban dandamali, mayafinta ya zame, tana haki. Mai Kujeru ya dube ta. Ya dubi shugaban. Ya sake duban ta. Sannan, abin kunya, ya sa hannu a aljihun ciki ya zaro kati ya miƙa da hannu biyu.

A waje mutane suka yi masa zobe. Uwar Tafi ta ratso tana fifita da gefen mayafi, fuska cike da alfahari.

"Injiniya, yau dai ka ga aiki. Har muryata ta dushe. Wai me aka ce ne?"

Mai walda ya gaya mata. Ta tsaya da fifitar.

"Kuɗin wuta? Ƙari? Ni da nake da injin markaɗe a gida?" Ta juya kan Mai Kujeru. "Kai, la'ananne! Da hannuna ka sa na tafa wa yankan wuyana?"

"Ai na ce ki duba hankici, ban ce..."

"Shi na duba! Ka kaɗa ko ba ka kaɗa ba?"

"Zufa nake sharewa!"

"Da hannu biyu ake share zufa a sama?"

Mutanenta suka ji, labari ya zaga, waɗanda suka hau kujera ɗazu su suka fi kowa zagi. Mai Kujeru ya ja da baya har ya jingina da kyallen godiya, yana cewa ba su gane siyasa ba ne, yanzu ya shiga jikin shugaban, daga ciki zai rusa dokar. Mai niƙa ya cire takalmi, tela da ya biyo 'yan unguwa ya riƙe shi, ba don tausayi ba, don kwat ɗin mutane ce. Yaya ta juya masa baya. Ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida da ƙafa.

Hoton ya fito a talabijin, hannunsa a sama. Ba a daɗe ba doka ta wuce, kuma a rahoton kwamiti an ambaci garin da yabo. Shugaban bai taɓa kira ba.

Wata safiya Mai Kujeru na zaune a bencin sito yana gaya wa wasu baƙi biyu, waɗanda ba 'yan unguwar ba ne, yadda ya tsaya gaban majalisa ya faɗa mata gaskiya ido da ido. Sai ga mai kura ya turo kaya a hankali, Yaya na biye. Firizarta ce a kai, an naɗe wayar an ɗaure da tsumma, murfin a buɗe, cikin a bushe. Aka sauke ta a ƙofar sito, daidai gaban bencin.

"Yaya, lafiya? Gyara za a yi mata?"

"Lafiyarta ƙalau. Ni ce ba zan iya ciyar da ita ba. Na mayar wa mai shago makullinsa." Ta share murfin da tafin hannu, kamar yadda take yi kowace safiya. "Ka sa ta cikin kayan hayarka, ko wani babba zai so ruwan sanyi a taro."

"Haba, Yaya, ki ba ni ɗan lokaci, ina da hanya a sama, magana ɗaya zan..."

"Ka riga ka yi maganarka, ƙanina, duk ƙasa ta ji." Ta juya za ta tafi, sannan ta waiwayo. "Yara za su biyo nan in an tashi daga makaranta. Ka gaya wa matarka ta ƙara sanwa, yau da gobe da jibi."